TSAKANIN BINCIKE DA KAFIYA: ABIN DA RIGIMAR ƊIGON SHAN-INNA TA KOYA MANA

Jama'a, akwai wata irin magana wadda ba ta ƙarewa a bakin kasuwa da zaurukan hira, watau zancen cewa waɗansu manya sun ƙulla wani mugun abu a ɓoye don su cuci talakawa. Wani lokaci a ce Turawa ne, wani lokaci a ce Gwamnati ce, wani lokaci kuma a ce wani kamfani ne na ƙasashen waje. In irin wannan labari ya ɓullo, akan sami mutum iri biyu masu saurin yanke masa hukunci. Na farko shi ne wanda tun mai ba da labari bai rufe baki ba zai ce lalle haka ne, dā ma ya sani. Na biyu shi ne wanda zai kwashe da dariya, ya ce ai wannan tatsuniyar jahilai ce, ba ya ko tsayawa ya ji ƙarshenta. Kowannensu yana ganin ya fi ɗan'uwansa wayo, alhali kuwa in muka duba da kyau jirgi ɗaya ya kwaso su, domin dukansu sun yanke shari'a tun ba a kira shaidu ba. Wannan hali shi muke kira kafiya.

Muna so mu yi wannan magana da malaman makaranta da akawunan hukuma musamman, domin su ne tsani tsakanin Gwamnati da talakawa. In takarda ta zo daga birni, su ake kai wa su karanta. In an ji abu a rediyo ba a gane ba, su ake tambaya. Abin da suka gaskata, unguwa duka takan gaskata, abin da suka raina kuma takan raina. To, don kada mu yi ta magana a iska, za mu ɗauki misali guda wanda ya faru a ƙasarmu, wanda kuma ƙarshensa ya riga ya bayyana, mu bi shi daki-daki.

YADDA ABIN YA FARU

Cikin shekarar 1988 ƙasashen duniya suka taru a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, suka ƙulla niyyar kawar da cutar shan-inna daga bayan ƙasa, kamar yadda aka kawar da agana. A lokacin nan ana ƙiyasta cutar tana nakasa yara wajen 350,000 kowace shekara, a ƙasashe 125. Makamin da aka dogara da shi kuwa shi ne ɗigo biyu na maganin rigakafi da akan sa wa yaro a baki, wanda wani likita na Amurka mai suna Albert Sabin ya ƙago. Aiki ya yi kyau ƙwarai, har ya zamana a ƙarshen 2003 ƙasashe shida kaɗai suka rage inda cutar ke zaune daram: Nijeriya, da Nijar, da Masar, da Indiya, da Fakistan, da Afganistan.

Ana cikin haka, a shekarar 2003 ɗin, sai magana ta tashi a Arewacin Nijeriya cewa an gauraya ɗigon nan da maganin hana haihuwa, waɗansu ma suka ce har da ƙwayar cutar ƙanjamau, da nufin a rage yawan Musulmi. Wanda ya fi tsayawa kan wannan zargi ba wani ɗan tasha ba ne. Dakta Ibrahim Datti Ahmad ne, likita, kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya a lokacin. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin ɗigo. Sauran ba su daɗe ba suka komo, amma Gwamnatin Kano, ƙarƙashin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta ce ba za ta yarda a ci gaba ba sai ta tabbatar da kanta cewa maganin ba shi da illa. Aka yi wajen wata goma sha ɗaya ba a ɗiga wa yaran Kano kome ba.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Mutane da yawa a Kudu da ƙasashen waje suka ce wannan duhun kai ne kawai. Masu faɗin haka sun nuna irin tasu kafiyar, domin ba su tsaya sun tambayi abin da ya sa Kanawa suka tsargu ba. Da sun tambaya, da an ba su amsa mai nauyi.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000. Ana tsakiyar annobar sai kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da likitocinsa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin. Aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma aka ba su wani sananne wanda aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, waɗansu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, ya ce kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. A ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, daga bisani kuma ta bayyana cewa takardar izni da aka nuna, wadda aka ce kwamitin asibiti ya bayar, bayan gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Watau lokacin da maganar ɗigo ta tashi a 2003, labarin Trovan yana nan ɗanye a zukatan mutane. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bugu da ƙari, tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar cewa ya kamata mace ta tsaya kan 'ya'ya huɗu, maganar da ba ta yi wa mutanen Arewa daɗi ba. A watan Maris na 2003 kuma Amurka ta auka wa Iraƙi da yaƙi bisa hujjar makaman da aka neme su aka rasa. Daɗin daɗawa, talaka yana da wata tambaya da ba a amsa masa da kyau ba: in ɗansa ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, sai ya je asibiti ya bi layi ya sayi magani da kuɗinsa, to, don me wannan ɗigo kaɗai ake biyo shi da shi har zaure, kyauta, sau da yawa a shekara? Amsar tana nan, domin cutar da ake so a kawar gaba ɗaya dole a bi kowane yaro, ba kamar wadda ake jiyyarta kawai ba. Amma wanda aka ce masa jahili maimakon a ba shi wannan amsa, ai an ƙara masa hujja ne.

MAƘARƘASHIYAR DA TA TABBATA

Kada mai karatu ya zaci ba a taɓa ƙulla mugunta da sunan magani ba. An ƙulla, tarihi kuma ya ajiye shaida.

A garin Tuskegee na Amurka, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta Gwamnatin ƙasar ta riƙa lura da baƙaƙen fata wajen 400 masu ciwon tunjere, ba ta gaya musu abin da ke damunsu ba, ba ta kuma yi musu magani ba, don kawai likitoci su ga yadda ciwon ke cin jiki. Ko bayan da allurar fenisilin ta zama sanannen maganin ciwon, a wajen 1947, aka ci gaba da hana su. Shekara arba'in ana wannan aika-aika, sai da wani tsohon ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya miƙa wa 'yan jarida labarin. A 1997 Shugaba Clinton ya roƙi gafara a madadin ƙasarsa.

A Afirka ta Kudu kuma, a 1998, gaban hukumar da aka kafa don tono asirin mulkin wariyar launin fata, an ba da shaida cewa masanan wani shirin soja na ɓoye sun yi binciken maganin da zai rage haihuwar baƙar fata, ko da yake ba su kai ga samar da shi ba. A Fakistan, a 2011, hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya aikin allurar ciwon hanta na ƙarya a garin Abbottabad, don ta gano gidan da Usama bin Ladan ke ɓoye. Abin ya jawo wa masu aikin rigakafi na gaskiya bala'i a ƙasar, har a 2014 Fadar Shugaban Amurka ta yi alkawarin ba za a sake fakewa da aikin rigakafi don leƙen asiri ba.

Saboda haka wanda ya ce irin wannan abu ba ya yiwuwa, bai karanta tarihi ba. Amma mu lura da yadda waɗannan asirai suka tonu. Kowannensu ya fito da sunan wuri, da shekara, da sunayen waɗanda suka yi, da takardu, da mutumin ciki wanda ya buɗe baki, har waɗanda ake zargi suka rasa ta cewa. Bincike ne ya tono su, binciken kuwa bai tsaya kan an ce, an ce ba.

MAƘARƘASHIYAR DA AKA ƘAGA

Ga kuma ɗaya fuskar. A shekarar 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wata wasiƙa marar sa hannu, wadda ta ce sojojin Amurka ne suka ƙera ƙwayar cutar ƙanjamau a ɗakin gwaje-gwaje. Cikin 'yan shekaru labarin ya zaga duniya, jaridu na kwafa daga juna, kowace tana kafa hujja da 'yar'uwarta. Mutane masu ilmi da yawa a Afirka suka gaskata, suna ganin ai sun gano abin da aka ɓoye musu. Sai a 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, shugaban hukumar leƙen asirin Rasha, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa ma'aikatan Sobiyet ne suka shirya labarin suka watsa. Masana kuma sun sami ƙwayar cutar cikin jinin da aka ɗiba a birnin Kinshasa na Kwango tun 1959, watau tun kafin ɗan Adam ya san yadda ake sarrafa halittar irin waɗannan ƙwayoyi.

Abin lura a nan shi ne, lalle akwai maƙarƙashiya cikin wannan labari, amma masu watsa zargin su ne suka ƙulla ta. Wanda ya gaskata shi yana taƙamar ba a yaudararsa, ashe shi ne aka fi yaudara. Mai cewa ba ya yarda da kowa, in ka bi shi a hankali, za ka tarar akwai wanda ya yarda da shi ido rufe.

MA'AUNI BIYAR

To, tun da akwai zargin da ya tabbata, akwai kuma wanda aka ƙaga, yaya mutum zai rarrabe? Muna ganin akwai tambayoyi biyar da ya kamata mai hankali ya yi wa kowane zargi. Bari mu gwada su kan maganar ɗigon shan-inna.

Ta farko: mene ne ainihin abin da ake zargi? Cewa manyan ƙasashe suna iya cutar da raunana magana ɗaya ce, mun kuwa ga ta tabbata. Cewa wannan kwalba da ke hannun mai ɗigo tana ɗauke da maganin hana haihuwa wata magana ce dabam. Gaskiyar ta farko ba ta isa ta zama shaidar ta biyu ba. In an taɓa kama wani mahauci da naman mushe, wannan dalili ne na a duba naman kasuwa, amma alƙali ba zai ɗaure sauran mahauta a kansa ba.

Ta biyu: wa ya gani, da me kuma ya auna? Akawun da ya zauna a kotu ya san mai da'awa shi ke kawo shaidu, ya san kuma shaidar wanda ya ce ya ji an ce ba ta da nauyi. A rigimar Kano an yi awo. Waɗansu gwaje-gwaje sun nuna ɓurɓushin wani sinadari irin wanda jikin mace ke yi da kansa, wanda ake samu har cikin nonon uwa. Masana suka amsa cewa ɗan abin da aka ce an gani bai kai ya yi wa jiki kome ba, balle a ɗigo biyu. A farkon 2004 Gwamnatin Tarayya ta tura tawaga zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya, aka sake awo, tawagar ta komo ta ce maganin ba shi da illa.

Ta uku: in zargin gaskiya ne, me ya kamata mu gani da idonmu? Wannan ɗigo an sa wa ɗaruruwan miliyoyin yara a Masar da Indonesiya da Indiya da sauran ƙasashe, shekara da shekaru, likitocin Musulmi na ƙasashen nan kuwa suna cikin masu kula da aikin. Hukumomin Saudiyya ma daga baya sun sa shi cikin sharuɗɗan shigar alhazan Nijeriya. Da akwai maganin hana haihuwa ciki, da dubban masana a ƙasashen da ba sa ga maciji da juna sun haɗa baki sun yi shiru ke nan, abin da ko 'yan gida ɗaya ba su iya yi. Da kuma mun ga haihuwa ta ƙafe. Amma 'yan matan da aka ɗiga wa suna jarirai sun girma, sun yi aure, sun haihu. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a tsawon rayuwarta. Gani ya kori ji.

Ta huɗu, wadda ta fi duka muhimmanci: wace shaida ce in an kawo mini zan sake ra'ayi? Nan ne ake gane mai bincike da mai kafiya. Mai bincike yana iya faɗin sharaɗinsa tun da wuri, ya ce in an yi kaza aka sami kaza, na janye. Mai kafiya ba shi da sharaɗi. In awo ya goyi bayansa ya ce kun gani, in ya saɓa masa ya ce an sayi masu awon. In an sami takarda ya ce ga shaida, in ba a samu ba ya ce rashinta shi ne shaidar an ɓoye. Ra'ayin da babu abin da zai iya rushe shi, ba bisa shaida aka gina shi ba tun farko. Wannan tambaya kuwa ta hau kan kowa, da mai zargi da mai kāre hukuma.

A nan dole mu faɗi abin da Gwamnatin Kano ta yi daidai. Ta sa sharaɗi, ta tura mutanenta Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, suka duba kamfanin Bio Farma, wanda dā ma yana cikin masu sayar wa shirin duniya magani. Da suka gamsu, Gwamnati ta janye, aka koma ɗigo a ƙarshen Yuli 2004. A watan Oktoba na shekarar aka ɗiga wa ɗiyar Gwamna kansa a bainar jama'a. Amma akwai waɗanda ba awon da ya ishe su, suka ci gaba da hura wutar zargi shekara da shekaru. A watan Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, yawancinsu mata masu neman abin sa wa a bakin salati.

Ta biyar: in na tsaya jira, wa zai biya kuɗin jiran? Mutane kan zaci wanda ya ce a dakata ya zaɓi hanyar da ba hatsari. Ba haka abin yake ba kullum. Ƙwayar shan-inna tana bin bayan gida ta shiga ruwa da abinci, cikin yara wajen 200 da suka kamu kuwa ɗaya ne kan shanye, sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani. Saboda haka duk watan da aka yi ana muhawara, cutar tana tafiya. A 2002 yaran da ta nakasa a Nijeriya wajen 200 ne. A 2006 sun wuce 1,100. Daga nan ta bi hanyoyin fatauci da na aikin hajji ta koma ƙasashe wajen 20 waɗanda dā sun rabu da ita, har da Sudan. A 2005 ta nakasa yara fiye da 400 a Yaman, da wajen 300 a Indonesiya, ƙasar da aka je neman magani mai tsarki. Waɗannan yara ba su halarci taron kowane kwamiti ba, amma su suka biya. Bincike wajibi ne, sai dai in rai yana cikin hatsari ya kamata a gaggauta shi, a yanka masa wa'adi.

INDA HUKUMA TA GAZA

Adalci bai cika ba sai mun juya ma'aunin nan kan masu maganin su ma. Zargin hana haihuwa ya faɗi, amma ɗigon yana da wani aibi na gaskiya wanda masu zargi ba su ambata ba. Ƙwayar cutar ce da ranta a cikinsa, an dai raunana ta. A wurin da aka ɗiga wa yara kaɗan aka bar masu yawa, raunanniyar ƙwayar nan takan yi ta yawo daga ciki zuwa ciki, har bayan lokaci mai tsawo ta sake yin ƙarfi ta nakasa yaron da ba a yi wa rigakafi ba. Haka ya faru a Arewacin Nijeriya daga 2005, amma labarin bai watsu ga jama'a ba sai a 2007. Irin wannan jinkiri shi ke ciyar da jita-jita, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar da ta ce maganinta ba shi da aibi ko kaɗan, ran da aka ga aibi ɗaya sai a ƙaryata ta cikin magana goma.

Mu lura kuma da yadda aka gano wannan aibi. Masanan shirin ne da kansu suka gano shi, ta wurin auna ƙwayoyin da aka samu jikin yara marasa lafiya. Daga baya aka ƙago sabon ɗigo wanda ba ya saurin rikiɗa, Nijeriya ce kuma ta fara amfani da shi a watan Maris 2021. Maganin aibin kuwa shi ne a ɗiga wa yara duka, domin ƙauracewa ita ce ta ba ƙwayar filin yawo.

Abin da ya komo da yardar jama'a a ƙarshe ba tsawa ba ce. Daga 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa cikin aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa bin gida-gida suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Aka kuma fara haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da ba da waɗansu magunguna, watau an amsa tambayar nan ta talaka da aiki. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta nakasa a Nijeriya a Jihar Borno aka same shi, a 2016. Ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa Afirka duka ta rabu da ita.

NASIHA GA MALAMAI DA AKAWUNA

To, jama'a, rigimar ɗigo ta wuce, amma irinta ba za ta ƙare ba. Gobe za a zo da wata, ko kan sabuwar allura, ko kan irin shuka, ko kan ƙidayar jama'a, yanzu kuwa da wayar hannu labari kan kai ƙauye kafin mai shi ya gama ƙaga shi. In an kawo muku irin wannan, ga abin da muke roƙonku.

Kada ku yi wa mai tambaya dariya. Ku ce masa ya zauna, ku ji abin da ya tsorata shi, in akwai gaskiya cikin tsoronsa ku amsa masa ita a fili, ko da ba ta yi wa hukuma daɗi ba. Mutumin da kuka yarda masa cewa an yi gwajin Trovan zai fi sauraronku in kun ce masa ɗigo ba ya hana haihuwa. Sa'an nan ku tambaye shi wa ya gaya masa, shi kuma wancan wa ya gaya masa, har ku ga inda igiyar ta tsinke. Ku tambaye shi abin da zai gani ya yarda ya yi kuskure. In ya faɗa, ku taya shi nema. In ya ce babu, ku gaya masa cikin ladabi cewa shi ma ya zama irin mutanen da yake zargi da rufe kunne.

Malamin makaranta kuma ya sani, yaron da aka koya wa haddace amsa kawai, aka hana shi tambayar dalili, ran da ya bar makaranta duk wanda ya fi ƙarfin murya shi zai bi. A bar yara su yi tambaya, a nuna musu yadda ake auna amsa, domin matambayi ba ya ɓata. Akawu kuwa ya tuna ran da ya ɓoye wa talaka ƙaramar gaskiya don gudun fitina, ya sayar da amanar da zai nema ran babbar magana.

Mu kanmu masu karatu da rubutu kada mu ɗauka mun tsira. Wanda ya jawo dakatar da ɗigo likita ne, waɗanda suka yi aikin Tuskegee su ma likitoci ne. Ilmi ba ya hana kafiya, wani lokaci ma ƙara mata kaifi yake yi. Abin da ke hana ta shi ne mutum ya saba tambayar kansa, kafin ya tambayi wani, wace shaida ce za ta sa ya sauka daga kan ra'ayinsa. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya kuma kiyaye mana zuriyarmu, amin.